Goggo da Damin Iri

Daga Allah muke, wurinsa kuma muka nufa, Goggo dai ta riga mu isa. Ta cika da hantsi, a ƙarshen bazara, lokacin da kowa a garinmu idonsa yana sama yana jiran ruwan shuka. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Kafin la'asar tsakar gidanmu ba masaka tsinke.

Ina zaune kusa da Inna ina amsa gaisuwa, kunnena kuwa yana kan abin da mata ke faɗa. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda mijinta ya daɗe a kwance, kuka take tana cewa yau ta zama marainiya. Wata tsohuwar ƙawar Goggo tana hawaye tana dariya, wai ko a kabari sai ta tambayi mala'iku yadda labarin ya ƙare. Sai wata 'yar'uwar matar liman ta gyara mayafi ta ce, "Baiwar Allah ce, wallahi. Allah dai Ya yafe mata karance-karancen ƙaryar nan." Na ɗago na dube ta, Inna ta danne mini gwiwa. Ba don gidan makoki ba ne da na gaya mata cewa Goggo ta sauke Alƙur'ani tun ita ba ta san hannun damanta ba.

Daga zaure kuma muryar Baba nake ji. Goggo yayarsa ce, ciki ɗaya, su biyu kaɗai suka rage. Amma ga shi yana amsa addu'a, yana komawa kan zancen hadarin da ke haɗuwa a gabas yana watsewa. Ko ƙwalla bai yi ba. Mutane suka fita suna yabon tawakkalinsa. Ni na san ba tawakkali ba ne kaɗai. Damina biyu ke nan shi da yayarsa ba su zauna a tabarma ɗaya ba, kuma littafi ne sanadi. Ta tafi bai san ko ta yafe masa ba.

Goggo da girmanta ta koyi boko. Bayan mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, 'ya'yanta mata duk suna ɗakunan mazansu, sai ta shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata a firamaren garin. Sauran sun je ne don su iya rubuta sunansu. Ita da ta gane haruffa suna haɗuwa su ba da labari, shi ke nan, an kunce akuya a gonar wake. Da yatsa take karatu, leɓenta yana motsi, tabaraunta ɗaure da zare a ƙeya. Duk ranar kasuwar Ɗambatta in Baba ya kai dabba, sai ya dawo mata da littafi a aljihu. Yakan miƙa mata ya ce, "Yaya, ga tatsuniyarki." Ita kuma ta ce, "Kawo, ai kai ko tatsuniyar ba ka iya ba." Sannan ta dama masa fura da hannunta, su zauna a inuwar darbejiya suna tsokanar juna kamar abokan wasa.

Ba kowane littafi take so ba. In ya yi kuskure ya sayo na soyayya, shafi kaɗan take yi ta miƙa wa 'yan matan gida. "Ciwon so na mai ƙoshi ne," in ji ta. Nata shi ne wanda mutane suke kokawa da rayuwa: matar da aka bar wa marayu, gidan da ruwa ya cinye, magidancin da ciwo ya kwantar yara suka shiga duniya neman abin kai wa baki. Kuma ba karantawa kawai take yi ba, shiga ciki take. Tana yi musu faɗa, tana yi musu addu'a, wani lokaci ta kife littafin ta ce ba za ta ƙara kula wance ba sai ta yi hankali.

Akwai ranar da ta fito daga ɗaki ido jajir ta ce wa Inna, "Kin ji baiwar Allahn nan ta sake rasa ɗa? Na biyu ke nan." Inna ta yi salati, ta jawo mayafi, tana neman takalmi tana tambaya a wace unguwa. Goggo ta ce, "Can wajen ƙarshen littafi." Inna ta yi kwana biyu ba ta huce ba, har yau kuma in ta tuna sai ta yi tsaki sannan ta yi dariya.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne a ƙare labarin wahala da wani Alhaji da ya faɗo daga sama ya share wa kowa hawaye. "Ina yake lokacin da suke cin tafasa?" Haka za ta yi ta mita har magariba. Ni da na gama kwalejin Bici na zo da kaina a sama, na taɓa yi mata bayani cewa marubuci yana son ya bar mai karatu da fata mai kyau. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To Malama, ki gaya masa na gode, amma ni na ƙoshi." Tun daga ranar sunana ya koma Malama, kuma ba yabo ba ne.

Amma ga wani abu da ban gane ba sai daga baya. Duk ranar da labari ya kai wurin yunwa, ba ta wuce shafin. Takan ajiye, ta zagaya bayan ɗaki ta tsaya jikin katanga tana duban gidajen maƙwabta. Gidajenmu a manne suke, gona na taɓa gona, in aka hura wuta kowa ya gani. Gidan da hayaƙi bai tashi ba take nema. Daga nan sai ka ga kwano ya tsallaka katanga, tare da saƙon cewa tuwon ya yi mata yawa, a taimaka mata kada ya kwana. Na taɓa tambayarta, ta ce, "Na cikin takarda ba yadda zan yi da su. Na bayan katanga kuwa hannuna ya kai."

Kada in mayar da ita waliyyiya don ta mutu, ita ma ba za ta so ba. Goggo tana da baki, kuma tana da riƙo. In ka yi mata abu tana iya ajiye shi kamar daddawa, sai ranar da ka manta ta jefa maka a miya. Ni kaina na sha, kuma an ce ita na gado.

Da yanar ido ta rufe mata gani, karatun ya dawo kaina. Duk ranar da babu makaranta, bayan la'asar, tana ɓarar gyaɗa ina karanta mata. A irin wannan zama ne abin ya faru. Littafin labarin wani gida ne da fari ya kama. Abinci ya ƙare, ƙaramin yaronsu ya rame har ba ya iya kuka, ba abin da ya rage sai damin geron da aka ware don iri. Uban ya yi ta kai da kawo, daga ƙarshe ya kunce damin ya miƙa wa matarsa ya ce ta daka.

Goggo ta saki gyaɗar hannunta ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, bawan Allah!"

Baba yana gefe yana sa wa sungumi ƙota, kamar ba ya ji. Sai ya ce, "Albarkar me, Yaya? Mutum ya ci iri, me zai shuka? Wannan ai kashe gidansa ya yi."

Na zaci tsokanar da suka saba ce, har na fara murmushi. Sai na ga fuskar Goggo.

"Kai ka isa ka faɗi haka," in ji ta. "Ai kai aka bar wa sanda."

"Yaya, ki bar maganar nan."

"Ba zan bari ba. Zangarniya biyu na nema, abin da zan dama wa Auta kunu. Ba dami na ce ka ba ni ba." Ta ɗaga tsintsiyar hannunta ta hagu. "Ga inda ka sauke mini ita."

Baba ya ajiye sungumin. Ya ce, "Tuwon da kike ci yau daga wannan irin ya fito. Ina waɗanda suka cinye nasu? Je ki duba, kangonsu yana nan. Kuma ni ma ƙanena ne."

"A bayana ya cika," in ji ta. "Ba a bayanka ba."

Ya tashi ya fita, bai ko ɗauki hularsa ba.

Ni ban taɓa jin akwai wani Auta ba sai ranar. Inna ce ta ba ni sauran labarin, yadda ita ma ta ji shi daga surukarta. A wata shekarar yunwa, suna yara, kakanmu ya tafi kudu neman abin da zai kawo. Kafin ya tafi ya kira Baba, shi ne namiji babba a gidan duk da bai isa riƙe garma ba, ya ba shi sandarsa, ya zaunar da shi a gindin rumbu. Ya ce damin irin da ke ciki shi ne gidan gaba ɗaya, ko uwarsu ce ta zo kada ya bari. Uwar tana daji kullum tana neman tafasa da yaɗiya. Goggo ce mai goyon Auta. Da ta ga yaron ya daina karɓar ganye, sai ta nufi rumbu da rana tsaka. Baba ya hana, ta matsa, ya doke ta. Auta bai kai dawowar kakanmu ba. Da ruwa ya sauka aka shuka irin, gero ya yi kyau, gonar ba ta bar hannunmu ba har yau.

Bayan wannan rana ba wanda zai ce sun yi gaba. Kowace safiya Baba yakan tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" ta ce, "Lafiya lau." Iyakarta ke nan. Littafi bai daina zuwa daga Ɗambatta ba, sai dai ni ake ba in kai. Fura ba ta daina damuwa ba, sai dai Inna ce mai miƙawa. Inna ta yi magana, liman ya yi, kowannensu amsa ɗaya yake bayarwa: "Ai ba faɗa muke ba." Haushinsu ya ishe ni. Tsofaffi biyu, haƙoransu in an haɗa ba za su cika baki ɗaya ba, amma kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Mun ƙarasa littafin ni da ita. Yaron bai tashi ba. Ya sha kunun, ya ɗan farfaɗo, sannan ya mutu. Da damina ta zo ba su da abin shukawa, gonar ta tafi, uban ya koma dako a kasuwar hatsi. Da na rufe, bakina da ba ya shiru ya ce, "To Goggo, ashe Baba yana da gaskiya."

"Ya mutu da kunu a cikinsa," in ji ta. "Uwarsa ta san ta ba shi." Sannan ta ce kada in kuskura in gaya wa ubana yadda aka ƙare.

Na ɗauka ta gama da littafin ke nan. Ashe a'a. Sababbi suna zuwa, muna karantawa, amma lokaci lokaci sai ta ce in ɗauko wancan. Da farko wurin uban take so, inda ya kunce damin. Daga baya na lura ta koma wani wuri. A labarin akwai babban ɗan gidan, yaro ne da ba ya cika magana. Lokacin da uban ya kunce damin, shi yaron nan ya koma bayan ɗaki ya yi ta kuka, don ya san abin da hakan yake nufi, kuma ya ƙi shan kunun. A karatun farko Goggo ta ce masa mai baƙin ciki. A na gaba ba ta ce komai ba. Can sai ta fara cewa, "Malama, koma mini wurin yaron nan."

Ciwonta bai yi tsawo ba. Zazzaɓi ne ya zo da zafin bazara, aka kai ta asibiti aka dawo, ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Wata la'asar ina yi mata fifita ta ce in karanta mata wurin. Na karanta. Da na kai aya sai ta jefo mini tambaya.

"Shekarunsa nawa?"

"Ba a faɗa ba, Goggo. An dai ce shi ke kai awaki kiwo."

"Kamar ubanki ke nan a lokacin." Ta juya fuskarta wajen bango. "Kin san wani abu? Duk shekarun nan in na tuna gindin rumbun nan, da gemunsa nake ganinsa. Ƙato, da sanda. Ashe yaro ne. Ɗan ƙanƙane, wuyansa kamar kara. An ba shi sanda an ce gida yana hannunsa. Shi ma fa ganyen yake ci. Ga hatsi a bisa kansa, shi kaɗai, ba mai ganinsa, ko ƙwaya bai taɓa ba."

Na miƙe na ce bari in kira shi.

Ta kama mini zane. "Zauna. Ba saƙo ba ne da za a aike ki da shi. Yanzu hankalinsa yana gona, ko na faɗa rabi zai ji. Bari a gama shuka. Da bakina zan gaya masa."

Washegari Baba ya zo gaishe ta. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa fiye da kullum, yana ɓantarar ƙasar jikin bango da farce. Ya ce, "Yaya, ya jikin?" Ta ce, "Da sauƙi." Ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya ce hadari yana haɗuwa a gabas, wataƙila a samu ruwa. Ta ce Allah Ya kawo mai albarka. Ya juya ya tafi. Wannan ce maganarsu ta ƙarshe, kuma duk lokacin da na tuna ta sai zuciyata ta yi zafi. Taku biyu ne tsakaninsa da gadonta.

Ruwan ya sauka bayan an yi sadakar uku. Gari ya fashe zuwa gona, masu zaman makoki suka ragu, Baba ma ya fita da sungumi, don shuka ba ta jiran mai makoki. Ranar da aka gama, ya dawo da yamma ƙafafunsa duk laka, ya zauna a zaure shi kaɗai, ya aika Inna ta kira ni. Na durƙusa daga gefe.

Ya daɗe yana kankare lakar ƙafarsa da kara. Sannan ya ce, "Littafin nan naku. Yaron ya tashi?"

"Bai tashi ba, Baba."

"Gonar fa?"

"Ta tafi."

Ya gyaɗa kai. Na jira ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Gaskiyar tasa ta zo masa a lokacin da ba shi da wanda zai nuna wa.

"Ke kika fi zama da ita," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Ta taɓa yi miki maganata?"

Ta ce ba saƙo ba ne, amma mai bakin ta tafi, ni kaɗai na rage da maganar. Na gaya masa duka, yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Da gemun, da wuyan kara, da hatsin da ke bisa kansa bai taɓa ba. Karan ya faɗi daga hannunsa.

"Ita ta ce yaro ne?"

"Ita ta faɗa, Baba."

"To me ya hana ta kira ni?"

"Ta ce hankalinka yana gona. Ta ce a bari a gama shuka."

Ya dube ni kamar bai gane Hausar ba. Sannan ya ce, a hankali, "Ni ma shukar nake jira a gama."

Ya jawo babbar rigarsa ya rufe fuska. Ban taɓa jin kukan ubana ba sai ranar, kuma ba kukan dattijo ba ne. Inna ta leƙo, ta gan shi, ta koma ta jawo ƙofar zauren don kada masu wucewa su ji.

Allah Ka jiƙan Goggo, Ka haskaka makwancinta, Ka sada ta da Autan da ta goya. Shi kuma wanda ta bari, Ka ba shi haƙurin ɗaukar yafiyar da ta iso shi ta bakin wani.